Ina son tafiya Masar karatun Larabci, amma Baba ya ƙi

Assalamu alaikum. Ni saurayi ne ɗan shekara 23 daga wani gari kusa da Gwandu a jihar Kebbi. Na gama sakandaren Arabiyya, ina da takardar NBAIS ta hukumar jarrabawar Larabci da addinin Musulunci, yanzu ina koyarwa a wata Islamiyya. Kakanmu malami ne. Ya rasu ya bar adaka biyu cike da littattafai a zaure, wasu na ɗab'i, wasu da hannunsa ya rubuta. Duk sanda na buɗe su kunya ke rufe ni, don ban iya karanta rubutun ba, kuma Larabcin da na koya, in aka yi mini magana da shi sai in yi tsuru-tsuru. Burina in je Masar in koyi Larabci a bakin masu shi, in dawo in raya gadon gidanmu. Wani mutum a Birnin Kebbi ya ce in na ba shi kuɗi zai samo mini gurbi a Azhar da biza. Inna ta ce za ta sayar da saniyarta da ɗan filin da ta gada. Baba ya ƙi. Ya ce ɗan maƙwabcinmu ya je waje karatu, ya dawo ya daina bin mahaifinsa salla, yana cewa duk abin da aka gada bidi'a ne. Baffana, wanda ke karantarwa a zauren tun rasuwar Kaka, ya ce wane ilimi ne a Masar da babu shi a Gwandu, tun ranar kuma ba ya sakar mini fuska. Abokaina sun ce in biya kuɗin a ɓoye, in biza ta fito dole Baba ya haƙura. Shekaru na tafiya. Me zan yi?

Wani ɗalibi, daga Kebbi

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan Malam, ya kai haske kabarinsa. Kunyar nan da kake ji a gaban adakarsa kada ka ɗauke ta aibi. Gidajen malamai nawa ne tsakanin Kebbi da Zamfara da gara ta cinye littattafansu, jikoki na kallo ko a jikinsu? Kai abin ya tsaya maka a rai, kuma don haka ne na zauna in ba ka amsa mai tsawo.

Shawarar abokanka dai ka yar da ita tun yau. Mai neman raya gadon gida ba ya farawa da yi wa maigida rufa-rufa. In ka yi haka ka gaskata tsoron Baba tun ba ka hau jirgi ba, kuma ranar da kuɗin haya suka yanke maka a Alƙahira, ba abokan nan za ka kira ba. Shi kuwa mutumin Birnin Kebbi, ban san shi ba, ba zan ce masa macuci ba. Amma ka sani ba a sayar da gurbin Azhar. Tallafin karatu na Azhar yana biyowa ne ta ofishin jakadancin Masar da hukumomin ilimi, wanda kuma zai ɗauki nauyin kansa yana miƙa takardunsa ne ga sashen ɗaliban waje na Azhar, a yi masa jarrabawar tantance matsayinsa a Larabci, a ajiye shi inda ya dace. Abin da aka sha gani shi ne a karɓi kuɗin yaro, a samo masa bizar yawon buɗe ido, a rubuta sunansa a wata cibiyar koyon harshe mai zaman kanta, sai ya sauka ya gane ba ɗalibin Azhar ba ne, ga biza na shirin ƙarewa. Ka ce wa mutumin ya nuna maka takardar karɓa mai ɗauke da sunanka, ya faɗa maka wace irin biza ce, ya kuma haɗa Baba da iyayen waɗanda ya taɓa turawa. In ya fara kame-kame ka samu amsarka. Fasfonka kuwa kada ya kwana a hannun kowa.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu. A wasiƙarka akwai buri biyu da ka ɗaure wuri ɗaya kamar abu guda ne. Na farko, harshenka ya sake da Larabci, ka saurari lacca ka gane, ka rubuta shafi uku ba ka leƙa ƙamus ba. Wannan zaman ƙasar Larabawa yana bayar da shi fiye da ko'ina. Na biyu, ka buɗe littafin Malam ka karanta. Wannan kam Masar ba za ta ba ka ba, ko ka shekara goma a can.

Ɗauko ganye ɗaya daga rubutun hannun nan ka duba da kyau. Za ka ga ɗigon fa'un a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare shi a sama. Rubutun Magriba ne irin na ƙasarmu, wanda ya tafi tare da ƙira'ar Warshu da ake biyawa a makarantar allo, ba irin rubutun ɗab'in da ka saba da shi a sakandare ba. A gefen shafi da tsakanin layuka za ka ga ƙananan rubutu sun karkace ta ko'ina. Wani sharhi ne da Larabci, wani fassarar kalma ce da ajamin Hausa, a ƙasar Gwandu ma sau da yawa har da Fulatanci. Ba mamaki ka tarar da wasiƙu, da fatawa kan rabon gado ko rikicin gona, da waƙoƙin wa'azi, da sunayen malaman da Malam ya yi karatu a wurinsu. Babban malamin nahawu a Alƙahira zai iya karanta matanin, amma ba zai san wane ne malamin da aka ambata a gefe ba, balle ajamin. Wanda ya san wannan hannun, ya san waɗannan sunayen, shi ne mutumin da yanzu ba ya sakar maka fuska. An fara salla a masallacin Azhar tun shekarar 972, yana nan inda yake, ba zai gudu ba. Baffa kuwa mutum ne, kullum girma yake ƙarawa, abin da ke kansa kuma ba a rubuce yake duka ba.

Maganar da ya yi maka ma ba ta banza ba ce. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da yake kwance nan Gwandu tun 1829, bai taka Masar ba. Ya taɓa ɗaura niyyar gabas, ya kai Kano, ya zauna ya karantar, ya juyo. Amma tafsirinsa Liya'ut Ta'awili a Alƙahira aka buga shi a 1961, kuma ya yi manyan littattafai a nahawu da sarfu, cikin waƙe, da har yau masu digiri ke gumi a kansu. Shehu Usmanu ma bai samu zuwa hajji ba. Larabcin nan duk a zaure suka same shi, a Degel da Agadas da garuruwan Zamfara da Gobir. To sai dai Baffa bai ƙarasa labarin ba. Malaminsu, Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya je hajji sau biyu, ya zauna a Masar, ya karɓi ijaza, wato izinin karantarwa, a wurin babban malamin nan Murtada Zabidi, ya dawo da ita ya ba almajiransa. Kafin shi Malam Muhammadu Bakatsine ya yi suna a Alƙahira a fannin lissafi da taurari, can ya rasu a 1741. A da mutanen Borno har ɓangarensu gare su a cikin Azhar inda ɗalibansu ke sauka. A zamanin nan kuma Sheikh Abubakar Gumi, mutumin Gummi a Zamfara, ya tafi Bakhtur Ruda a Sudan a 1954, ko da yake in gidanku 'yan ɗariƙa ne, kada ka buɗe wa Baba zance da wannan misalin. Tafiya gabas neman ilimi tana cikin gadon kanta. Abin lura kawai shi ne, su Malam Jibrilu sai da suka ƙoshi a gida suka fita, shi ya sa da suka isa can aka zauna da su a matsayin malamai.

Ni a ganina ba Masar ce ta ɓata wa Baffa rai ba. Mutum ya riƙe zaure shekara da shekaru, ba albashi, ba godiya, sai ga ɗan ɗan'uwansa ya ce zai je waje ya dawo ya raya gadon gida. Abin da kunnensa ya ji shi ne, gadon ya mutu a hannunsa. Ba haka kake nufi ba, na sani, amma haka ta sauka. Gyaran ba ya buƙatar dogon bayani. Gobe bayan asuba ka shiga zaure, ka zauna ƙasa cikin almajirai, ba kusa da buzunsa ba, ka ce: “Baffa, ina so a biya mini Risala, amma daga kwafin Malam.” In ya basar ka dawo jibi. Malamin zaure yana iya fushi da ɗa, amma da wuya ya kori mai neman a biya masa karatu. Ka ba abin wata shida zuwa shekara. Ka haɗa da Ishiriniya ko wani littafin lugga, don kunnenka ya saba da yadda suke fassara kalma bayan kalma. In Allah ya sa ka sauke, ka roƙe shi ya rubuta maka ijaza da hannunsa, da sunan Malam da na malaman Malam.

A cikin wannan lokacin ka yi wa littattafan aikin da ba a taɓa yi musu ba. Ka sayi littafin rubutu, kowane kundi ka rubuta sunansa, da mawallafi, da layin farko da na ƙarshe, da sunan wanda ya kwafa in ya sa, da yawan ganyaye. Irin waɗannan littattafai ba a ɗinke suke ba, ganyaye ne a cikin tadarishi, don haka in sun hargitse ka duba kalma guda da ke ƙasan shafi ita kaɗai, ita ce farkon shafin da ke biye. Ka ɗauki hoton kowane shafi da wayarka a hasken rana, ka ajiye a wuri biyu. Ka ɗaga ganye ɗaya saitin haske, in ka ga alamar jinjirin wata uku a jikin takardar, irin wadda ake yi a Italiya ce, fatake suka riƙa shigo da ita ta hamada. Kada ka liƙa salatif a inda ya yage, kada ka kai a yi masa leda mai zafi, ɓata shi za a yi. Ka ɗaga adakun daga ƙasa kafin damina. In ka samu zuwa Sakkwato ka leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu da sashen Larabci na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai waɗanda aikinsu ke nan, za su nuna maka.

Mu koma kan Baba. Tsoronsa ba zargi ba ne, abu ne da ya gani da idonsa a gidan maƙwabci. Kuma yadda abin ke faruwa ba ɓoyayye ba ne. Yaro ya fita yana da ƙuruciya, bai san hujjar abin da ake yi a gidansu ba, ya san dai haka ake yi. Ya isa baƙuwar ƙasa ga kewa ga yunwa, wanda ya fara ba shi masauki da abinci shi ke zaɓa masa malami. Ran da aka karanta masa hadisi ɗaya da ya saɓa wa abin da ya saba, sai ya ɗauka duk mutanen garinsu jahilai ne. Wanda ya sauke Risala a gaban malami, ya san inda malamai suka yi saɓani da dalilin kowa, ba a girgiza shi da sauƙi haka. Ka ga ke nan zaman da za ka yi da Baffa shi ne amsar tsoron Baba.

Akwai kuma abin da ya kamata Baba ya ji, wataƙila bai sani ba. A Azhar ana karantar da mazhabobi huɗu, ɗalibi na zaɓar Malikiyya, aƙidar da ake koyarwa kuma ta Ash'ariyya ce, wadda malaman Gwandu suka rubuta littattafansu a kai. Shehu Dardiri, wanda ake karanta sharhinsa na Muhtasar a zaurukanmu, malamin Azhar ne, masallacinsa na nan kusa da ita. Jami'ar Musulunci ta Madina, da aka kafa a 1961, ta fi sauƙi ta fuskar aljihu. Karatu da masauki kyauta ne, akwai alawus da tikitin jirgi, ana nema ta intanet ba tare da ɗan tsakiya ba, kuma iyakar shekarun mai neman digirin farko 25 ne, don haka kana da sauran shekara biyu. Amma tsarinta a aƙida da maganar ɗariƙa ya bambanta da na mafi yawan zaurukan ƙasar Gwandu. Ba ni zan raba gardamar malamai a wannan fili ba. Abin da zan ce shi ne in can za ka nema, ka faɗa wa Baba gaskiyar bambancin da bakinka, kada ya ji a wajen wani.

Kada kuma ka yi masa alkawarin da ba ka da iko da shi. Ba wanda zai yi shekaru yana karatu ya dawo da ra'ayinsa daidai yadda ya tafi da shi, ko a Sakkwato ya yi karatun. Abin da za ka iya ɗaukar masa shi ne ladabi: ba za ka ɗaga masa murya ba, ba za ka kunyata shi a masallaci ba, in ka ga wani abu daban za ka kawo wa Baffa a zaure ku buɗe littafi. Kuma ba kai za ka kai maganar karo na biyu ba. Ka bari sai Baffa ya huce, shi zai fi kowa iya shawo kan ɗan'uwansa. In da wani a yankinku da ya yi Azhar ya dawo yana durƙusa wa manya, a gayyato shi ya gaida Baba. Ganin mutum guda irin wannan ya fi hujja ɗari.

Inna kuwa, Allah ya saka mata, amma ka hana ta. Saniyar nan da filin nan su ne madogararta ran da ƙarfi ya ƙare, kuma kuɗinsu ba za su kai ka ko'ina ba. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 duk abin da ake biya da kuɗin waje ya ninka, Masar ma ta karya darajar fam ɗinta a Maris 2024, haya da abinci suka tashi. Ga kuɗin sabunta izinin zama. Sannan tafiyar ba ta shekara ɗaya ba ce. In ba a daidaita takardarka da ta sakandaren Azhar ba, sai ka bi ta matakan harshe, wataƙila da wasu ajujuwan sakandarensu, kafin shekara huɗu na kwaleji. Wannan ita ce tambayar farko da za ka kai ofishin jakadancinsu a Abuja: takardar NBAIS a ina take ajiye ni? Ka nemi amsar daga bakinsu, ba daga bakin dillali ba. Ka kuma tuna da ɗalibanmu na Sudan. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, da yawa sun baro karatu a tsakiya, aka kwaso su a motoci zuwa iyakar Masar da Port Sudan, wasu ko takardunsu ba su ɗauko ba. Duk inda za ka, ya zama akwai kuɗin dawowa a ajiye, da kwafin takardunka a gida.

Wani abin da ba a cika faɗa wa masu shirin tafiya ba: Larabcin titin Alƙahira ba shi ne na littafi ba. Direban bas da mai sayar da burodi da nasu karin suke magana, jimun ta koma ga, ƙaf ta ɓace, makonnin farko za ka rantse ba Larabci ba ne. Kuma akwai waɗanda ke shekara biyar a can, ɗakinsu Hausawa, girkinsu tuwo, hirarsu Hausa, su dawo harshen bai sake ba. In ka tafi ka nemi ɗaki da ɗan Indunusiya ko ɗan Senegal, wanda ba abin da ya haɗa ku sai Larabcin littafi. Tun yanzu ma kana iya farawa. Ana sa darussan masallacin Azhar a YouTube, ga labarai da Larabci a talabijin, ka kuma samu malami ɗaya a Islamiyyarku ku yi yarjejeniya, daga la'asar zuwa magariba ba Hausa a tsakaninku.

Masar da Madina kuma ba su kaɗai ba ne ƙofa. Ga Jami'ar Musulunci ta Sayi a Nijar, da ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta buɗe a 1986, da Larabci ake karantarwa a tsangayoyinta na Larabci da shari'a. Daga Kamba ka bi ta Gaya da Doso zuwa Yamai, Sayi na kusa, garin ma tsohuwar alaƙa gare shi da Gwandu. Sai dai a bincika lafiyar hanya da halin iyaka kafin a yanke shawara. Ga kuma hanyar da ni na fi karkata gare ta in tallafi bai samu ba: ka yi digirin Larabci a Sakkwato, inda za ka riƙa zuwa gida kana ci gaba da karatunka wurin Baffa. Ɗaliban Larabci na jami'o'inmu sukan yi zama na musamman a Ƙauyen Larabci na Ngala, wanda rikicin Borno ya sa ya koma aiki daga Maiduguri. In ka gama ka yi bautar ƙasa, wadda ba a zuwa in mutum ya wuce shekara 30 da haihuwa kafin ya kammala digiri, sai ka nemi digiri na biyu a waje. A lokacin ka mallaki hankalinka, tallafi ya fi sauƙin samu, kuma kana da abin da ɗaliban can ba su da shi, wato rubuce-rubucen da ba a taɓa bugawa ba. A Alƙahira akwai cibiyar rubutattun littattafan Larabci ta Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa, tun 1946, inda ake koyar da yadda ake tace tsohon rubutu a fitar da shi a buga. Wanda ya shiga can da hotunan kundin kakansa, ya iya karanta hannun, ya san mutanen da ke ciki, ya san abin da ya kai shi.

In ka yi duk wannan, Baffa ya sa baki, tallafi ya fito, Baba ya ce har yanzu a'a, to ka haƙura da wannan zagayen ka kama ta Sakkwato. Zai yi ciwo, ban ce ba zai yi ba. Amma uban da ya ga ɗansa ya bi maganarsa a lokacin da yake da ikon ƙi, ya kuma gan shi shekara huɗu yana zaune gaban Baffa, da wuya ya hana shi tafiya digiri na biyu. Kafin nan ka je ofishin shige da fice na Birnin Kebbi da ƙafarka ka yi fasfo, da sanin Baba, ka haɗa takardunka a fassara su zuwa Larabci, don guraben tallafi ba sa jiran wanda bai shirya ba. In ka ji amsar ofishin jakadancin kan takardar NBAIS, ka sake rubuto mini mu duba mataki na gaba. Ka gaida Inna, Allah ya yi maka jagora.